Hannun Hagun Mama

Wata biyu da rasuwar Mama, 'yarta Auta ta kai littafin da ta bari maɗaba'ar da take aiki. Mama ungozoma ce, shekara talatin tana karɓar haihuwa. Da ta yi ritaya sai ta duƙufa buga labarin aikinta a tsohuwar kwamfuta, ba ta yarda kowa ya taɓa mata ba.

Mai tsara shafi, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, ya buɗe fayil ɗin ya ja tsaki.

"'Yata, rubutun nan cike yake da tarkace. Ga alamar kuɗin wata ƙasa a tsakiyar kalma, ga wasu da ido ma ba ya gani."

Ya jawo kujera ya rubuta mata makro, wato ɗan umarnin da ke sa kwamfuta ta bi rubutu da kanta, ta shafa wa duk baƙuwar alama launin rawaya, ta kuma ƙirga.

Auta ta danna. Babi na ɗaya, alama huɗu. Har ta yi murmushi, ta tuna yadda Mama ke harare-hararen allo kamar zai yi mata rashin kunya. Babi na biyar, talatin da ɗaya. Na bakwai, sun haura ɗari biyu. Na tara kuwa sai ka ce an zubar da fenti a shafin.

Baba ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba rashin iya bugu ba ne," ya ce a hankali. "Duba, duk daga maɓallan hannun hagu suke. Yatsa ne ke danne maɓalli, mai shi ba ta iya hana shi."

Mama ta saba sa kwanan wata a kan kowane babi, kamar katin asibiti. Auta ta duba na bakwai. Shekara ɗaya da rabi ke nan kafin a kwantar da ita a asibiti. A lokacin duk ƙarshen mako suna waya, kullum amsar ɗaya ce: "Lafiyata lau, ki ji da aikinki."

Ta fita baranda, ta tsaya tsakanin ɗaurin takardu, ta kira ƙanwar Mama.

"Inna, tun yaushe hannunta ya fara rawa?"

Inna ta ja numfashi. "Wa ya gaya miki?"

"Ke dai faɗa min."

"Ta sa na yi mata alkawari, Auta. Ta ce ba ki daɗe da samun aikin ba, in kin ji za ki watsar ki dawo gida. Ranar da za ki zo, tun safe take cusa hannun cikin mayafi."

"Na ɗauka sanyi take ji," in ji Auta. "Bargo na saya mata, Inna. Bargo! Har tana sa min albarka."

Suka yi ta kuka, kowa a ɓangarenta, har wayar ta katse.

Da ta koma ciki, Baba ya riga ya ajiye mata kwafin asali a gefe, ya ƙara wa makron layin sharewa.

"In share?"

Ta ɗaga kai kawai. Kafin ta ƙifta ido alamomin masu launin rawaya sun ɓace, shafukan sun yi fari tas. Ba ta zaci zai yi sauri haka ba.

Baba ya ce ta tafi, shi zai ƙarasa. Ta ɗauki jakarta ta nufi gidan Inna.