Gashin Ƙirjin Mai Aski

Shekara arba'in da ɗaya Baba Mai Aski ya yi yana aske mutane, bai taɓa barin wani ya ɗora masa reza a jiki ba. Sai ga shi kwance a gado na huɗu, ɗakin masu ciwon zuciya, hannun dama da allurar ƙarin ruwa, na hagu kuma rawa yake tun bara. Gadon da ƙarfe dama da hagu. Tagar ba ta buɗuwa.

Likita ya ce sai an manna masa wayoyi a ƙirji kwana biyu, na'ura ta karanta bugun zuciyarsa, sannan a san batun sallama. To, ƙirjin Baba daji ne, filasta ba ta kamawa. Ranar farko wata nas ta zo a gurguje, ta aske shi a bushe, tana jan reza sama da ƙasa. Kafin la'asar wurin ya yi jawur, ƙuraje suka feso, ya yi ta susa har wayoyin suka zube. Gwaji ya lalace. Aka ce ya jira fata ta warke. Kwana tara yana jira, gashi kuma ya dawo kamar ƙaya.

"Baba, nas ta ce ƙarfe goma za ta dawo ta sake aske ka," in ji Auta, 'yarsa.

"Ta dawo? Wadda ke aske mutum kamar tana kankare gindin tukunya?"

"To ni zan yi maka."

"Ke? Allah ya kiyaye."

Auta ta leƙa waje ta kira mijinta, direban babbar mota, mutum mai hannu kamar faranti. Shekara shida da aurensu, tsakaninsa da Baba gaisuwa ce kawai daga nesa. Baba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ina zai je? Ko ban ɗaki sai an riƙa shi. Ya juya fuskarsa bango, ya buɗe maɓallan riga.

Auta ta ja labule ta fita.

"Almakashi tukuna," Baba ya ce da bangon. "Rage tsawon. Sannan tawul da ruwan ɗumi, ka bar shi ya jiƙa."

"To, Baba."

"Sabulun nan marar ƙamshi. Kumfa sosai. Rezar sabuwa ce?"

"Yanzu na ɓare ta, Baba."

"Shafa da yatsa ka ji inda gashin ya kwanta. Can za ka bi. Kada ka danna, ba birki ba ne. Inda ka wuce, kada ka koma."

Direban ya fara jan reza, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Baba na jin kowane ja, yana sane da inda aka karkace, yatsunsa na motsi a kan zanin gado, ba damar karɓa. Sau biyu ya buɗe baki zai yi faɗa, ya haɗiye.

"Ruwan sanyi yanzu. Danna tawul, kada ka goga. Ban da mai, filasta ba za ta kama ba."

Da nas ta zo, ta duba ƙirjin ta ce, "Wa ya yi wannan?"

"Ɗana ne," in ji Baba, bai juyo ba.

Wannan karon ko ƙurji ɗaya bai fito ba. Wayoyin suka yi kwana biyunsu lafiya. Likita ya duba takardar sakamakon, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce bugun na tsallake, sai an canza magani an ga yadda jiki zai karɓa. Mako guda, wataƙila biyu.

Direban yana tsaye a ƙarshen gado da makullin mota a hannu, lodi na jiran sa.

"Je ka, kada ka makara," Baba ya ce. "In ka sauke, ka biyo."

Ya bi bayansa da kallo har ƙofar ɗakin ta rufe kanta.