Turmin Iya a Masana'antar Gara

Mafarkin da na yi daren jiya, ni Ɗanlasan mai injin niƙa, bari in ba ku shi tun bai huce ba. Dama da yamma na ce wa Jatau mai gawayi ya zo da safe ya ɗauke turmin marigayiya Iya, mahaifiyata, ya ƙona, tunda ya tsage, tare wuri kawai yake yi.

Ina rufe ido sai ga ni a wani gari da rana tsaka, turmin a kaina. A garin nan hayaƙi daga sama yake saukowa ya shige murhu, toka kuma ta koma itace. Ban yi mamaki ba. Injina ba mai, kuma kowa ya san a masana'antar gara, ƙwarin nan masu cin ice, ake samun mai.

Na tarar da layi. Karan dawa ne a gaba, sai buhunan garin katako, sai wata bishiyar darbejiya da ta zo da ƙafarta tana ƙorafin ba inuwa. Na wuce su duka, don ni ba a sa ni layi.

Manajar wata ƙatuwar gara ce mai tabarau. Ta ce, "Malam, a nan kowane ice kashi uku muke yi masa. Zaƙinsa mu dafa ya zama mai, zarensa ya tafi takarda da yadi, danƙonsa a liƙe kujeru da shi."

Na ce, "Ranki ya daɗe, duk na san wannan." Wallahi ranar na fara ji.

Ta ƙwanƙwasa turmin. "Icen ƙirya ne, ya haura shekara hamsin. Jarka huɗu zai ba ka. Bari mu ɗanɗana."

Ta gatsi gefensa. Ɗigon mai ɗaya ya fito ta wani famfo.

Sai ga ni a gaban injina, na zuba ɗigon, na ja igiya. Injin ya tashi, amma maimakon ƙararsa sai daka: bugu uku, tafi ɗaya, bugu uku, tafi ɗaya. Haka Iya take yi, ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Har ƙamshin daddawa ya cika wurin. Kai jama'a! Shekara tara rabona da wannan sauti. Kewarta ta kama ni.

Sai kuma ga mu a ofishin manaja. Na ɗale cikin turmin na zauna daram, na ce, "Na fasa."

Manaja ta ce, "An riga an buga hatimi. In ba ka fita ba da kai za mu haɗa."

"Ni me zan ba ku?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Surutu. Kwalba biyu."

"To ku haɗa ɗin! Turmin uwata dai ba ya shiga jarka."

Ta kaɗa hannu. Ma'aikata suka turo wata kura don a kai mu tukunya, tayarta na kuka, ƙii, ƙii. Na riƙe bakin turmin da hannu biyu.

Na buɗe ido, kukan tayar bai tsaya ba. Kurar Jatau ce a ƙofar gida, yana ta sallama. Ko takalmi ban nema ba na fita. Na ce, "Malam Jatau, ka yi haƙuri ka juya. Turmin nan da mai shi."