Kamu Arba'in

Wata uku da kifewar jirgin ruwan da ya ɗauki yayana Auwal daga Libiya, Baba bai yarda a yi masa sallar gawa ba. Tunda ba a ga gawa ba, in ji shi, ba a mutu ba. Tela ne a unguwar Magajiya, shi ke yanka likkafanin rabin unguwa, amma Liman ya zo har sau uku ya koma.

Ran nan maƙwabcinmu Malam Filibus, mai koyar da kimiyya, ya kawo gyaran wando, da wani hoto a hannunsa. Mutumin kirki ne, sai dai in ya fara bayani ko gobara ba ta tsayar da shi.

"Haƙorin wani kifin teku ne, Baba," ya ce. "Ya kusa taƙi guda. Da shi masana suka ƙiyasta jikin, wajen mita goma sha takwas."

"Bar ni da mitarka. Kamu nawa?"

Malam ya yi lissafi. "Kamar arba'in."

Baba ya fita ya bi jikin katanga yana aza gwiwar hannu yana ƙirgawa, masu babur suna ta yi masa hon. Sai wajen famfo ya kai arba'in. Ya dawo yana murmushi, abin da ban gani ba tun ranar da labarin ya iso.

"Ashe gida ne guda! Mutum ya zauna a cikinsa ya miƙe ƙafa, kamar Annabi Yunusa."

Na yi ta ƙifta wa Malam ido, amma ina, ya hau bayani.

"Ai wannan ba haɗiya yake yi ba, Baba. Cizo ɗaya zai murƙushe keken ɗinkin nan kamar gwangwanin madara. Kuma irinsa sun ƙare tun shekaru miliyoyi, haƙoran kawai suka rage."

"Ko ɗaya babu?"

"Ko ɗaya."

Har yau ina jin haushin Malam, ko da yake gaskiya ya faɗa.

Baba ya janyo farin yadi, ya fara awo da hannu yadda ya saba. Ya ɗauki almakashi, sai ya tsaya.

"Hauwa, ki aika wa Liman na yarda," ya ce mini. Ya naɗe yadin. "Wannan kuma mayar da shi, babu wanda za a sa a ciki."