Ƙarfen Baban Debbie

Mijina Hosea mai walda ne a Jimeta, kuma in dai zancen ƙarfe ne, ba ya jin maganar kowa. Shekara sha biyu ke nan da aka sa masa wata 'yar ragar ƙarfe a jijiyar zuciya don ta buɗe hanyar jini. Yana farfaɗowa ya tambayi likita wane irin ƙarfe ne. Aka ce masa zalla ne, ba a shafa masa magani ba, kuma ba ya tsatsa. Shi ke nan, gogan naka ya samu abin faɗa. Bayan shekara biyar ya watsar da ƙwayoyinsa, asibiti ma ya daina leƙawa.

"Keturah, na san wannan ƙarfe," in ji shi. "Zai binne ni, ya binne jikokina."

Bana na fara lura. Daga gidanmu zuwa coci turakun lantarki tara ne. A watan Maris sai ya tsaya a na bakwai, ya durƙusa wai zai ɗaure igiyar takalmi. Da Ista ta zo, a na biyar yake tsayawa. Ranar Lahadin da ta wuce a na biyu ya durƙusa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Tsoro ya kama ni. Ban yi masa gardama ba, keke mai ƙafa uku kawai na tare, muka wuce asibiti.

Likitar, wata Hajja Asta, ta daɗe tana duban takardar gwajin da aka yi masa. 

"Baba, ƙarfenka zai yiwu lafiya lau yake," ta ce. "Mutane da yawa suna shekaru da shi. Amma nama yana iya tsirowa a ciki, ko kitse ya sake taruwa, hanya ya matse. Sai an duba jijiyan, kuma ba a nan ba, sai a babban asibiti. Satin nan, ba wata mai zuwa ba."

Hosea ya juyo yana murmushi. "Kin ji ko? Ƙarfe bai yi laifi ba."

Na ji kamar in shaƙe shi, na kuma ji kamar in rungume shi. Shekara bakwai yana gadin ƙarfe, ya manta a cikin nama aka dasa shi.

"Baban Debbie, gobe za mu tafi," na ce.

"Sai na gama ƙofan da Manasseh ya ba ni in haɗa masa tukun."

Muka fito. Daga ofishin likita zuwa bakin titi bai kai taku talatin ba. Muna tsakiyar hanya ya ce in dakata, ya durƙusa a hankali, yatsunsa suna lalube a kan ƙafarsa.

Na duba ƙasa. Silifas ne a ƙafarsa.