Inci Huɗun Tela

Tela yana tsaye a kan kujerar da aka ɗora bisa tebur, maigadin zauren wasanni kuma yana riƙe da ƙafar kujerar yana karanto duk addu'ar da ya sani.

"Malam, in ka faɗo ni ban san ka ba," in ji maigadin. "Cewa zan yi ta taga ka shigo."

"Kai dai riƙe, bawan Allah."

Tela ya kafa zare a bakin zoben ƙwallon kwandon, ya sake shi har makullin da ya ɗaura a ƙasa ya taɓa daɓe, sannan ya tsinke. Da ya sauko ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa ya auna zaren. Tef biyu cif, ƙafa goma ke nan, ko silin gashi bai ɗora ba. Ya sake aunawa, ko Allah zai sa zaren ya canza ra'ayi.

"Wannan na yara ne ko?" ya tambaya. "Ina na manyan?"

Maigadin ya yi dariya har da buga cinya. "Kwando ai ɗaya ne, Malam. Da dogo da gajere, da na nan da na bangon duniya, duk ƙafa goma ne."

"Ko mutum ya ƙara tsawo?"

"Ko kansa ya taɓo gajimare."

Tela ya naɗe zaren ya cusa a aljihu.

Abin da ya faru shi ne, wata biyu da suka wuce Tela ya gina filin ƙwallon kwando a bayan gidansa saboda autarsa, wadda unguwa ke kira Falwaya don tsabar tsawo. Yayyenta huɗu duk sun watse, aure da aiki sun kwashe su, ita kaɗai ta rage, ita ɗin ma kullum tana zauren wasanni. Gida ya yi wa Tela shiru, sai ƙarar agogo da mitar matarsa. Shi ne ya tumɓuke shukar tumatirin matar, ya kwance mata igiyar shanya, ya sa aka zuba kankare. Maƙwabta suka yi ta leƙe ta katanga, wani ya ce gareji ne, wani ya ce tsufa ne ya zo wa Tela ta ka. Shi da kansa ya ja layukan filin da allin ɗinki kafin a bi da fenti, kuma wallahi layukan sun fi na titin gwamnati miƙewa.

Kocin su Auta ya rubuto masa awon komai a takarda. Tela ya bi takardar sau da ƙafa, har ya iso kan tsawon kwando. A nan ne sana'a ta motsa. Shekara talatin da biyar yana ɗinki, bai taɓa yanka wa yaro kaya daidai jikinsa ba, sai ya bar rara a kalmasa, don yaro yau ne gobe ba shi ba ne. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, wadda duk wata shida sai ya sake mata ƙafar wando, a yi mata kwando cif-cif? Ya dubi Mai Walda, abokinsa tun ƙuruciya, ya ce, "Ƙara inci huɗu. Tana kan girma."

Tun daga lokacin Auta ta zama abin kallo. A gida in ta jefa ashirin, sha tara sai sun shiga. A zaure kuwa ƙwallon sai ta zarce ta daki bayan zobe ta dawo mata. Uwarta ta ce bakin mutane ne. Koci ya ce tsoro ne. Ga shi ranar Asabar, saura kwana huɗu, masu zaɓe za su zo su ɗauki 'yan mata uku zuwa makarantar wasanni, can wani gari mai tafiyar yini guda, karatu da kwana duk a can. Jiya Auta ta dawo ta yi jifa da takalmanta, ta ce cikin kuka, "Baba, kullum ƙwallon sai ta yi min tsawo." Wannan kukan ne ya hana Tela buɗe shago yau.

A cikin bas ɗin komawa, an matse shi tsakanin wata mai buhun gawayi da wani mai barci da baki buɗe, Shaiɗan ya samu wuri ya zauna a kafaɗarsa. Wa ya sani? Mai Walda ko abin da ya ci jiya ba ya tunawa. Maigadi bai san sunansa ba. In ya ja bakinsa ya yi shiru, Asabar za ta zo, ƙwallo za ta daki ƙarfe, masu zaɓe su kwashi 'ya'yan wasu. Auta ta yi kukan mako guda, shi ke nan, ta ci gaba da dam-dam ɗinta a bayan gida, shi kuma yana jin ta daga kan keken ɗinki. Ba ƙarya zai yi ba. Shiru kawai.

Abin kunya, tunanin ya yi masa daɗi. Ya yi masa daɗi har bas ta wuce layin gidansu bai ce a tsaya ba. Sai da ya hango tartsatsin wuta a bakin rumfar Mai Walda sannan ya daki jikin motar.

Mai Walda ya ɗaga baƙin gilashinsa ya saurari labarin, sannan ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi dariya har da hawaye.

"Ni fa na faɗa maka takarda ta ce goma!"

"Ba ka faɗa ba."

"To, na faɗa a zuciyata. Kai, Tela, Allah ya shirye ka! Rigar da ka ɗinka min ta aurena har yau jira take in girma. Yanzu kuma ƙarfe ka yi wa kalmasa?"

"Za ka taso ko sai na nemi wani?"

"Wa zai bi ka in ba ni ba?" Ya fara naɗe wayar injinsa. Can ya dube shi ta gefen ido. "Ka dai san in aka gyara, yarinyar nan tafiya za ta yi."

"Ɗauko tsaninka," in ji Tela.

Sun tarar da uwar Auta ta ɗaure igiya daga sandar kwandon zuwa taga ta shanya zannuwan gado, don ta rantse tun ranar da aka tumɓuke mata tumatir cewa sai ta ci moriyar ƙarfen nan. Auta tana zaune a kan ƙwallonta a gefen fili, ta haɗa kai da gwiwa. Tela ya tsaya a gabanta. Ya yi gyaran murya sau biyu. Ya taɓa fuskantar amaryar da ya ƙona wa mayafi ana gobe ɗaurin aure, amma bai ji abin da yake ji yanzu ba.

"Auta, ba hannunki ba ne. Ba kuma bakin mutane ba ne. Ni ne."

Ya faɗa mata duka, ban da zancen cikin bas. Auta ta miƙe a hankali, ta yi ta miƙewa har sai da ya ɗaga kai kafin ya ga fuskarta.

"Baba, inci huɗu? Wata biyu?"

"Na ga kina girma ne."

"Kwando ne fa, Baba, ba siket ba!"

"Oho!" in ji uwarta, ta saki kwandon wanki. "Ni nan na bi gida-gida ina hararar maƙwabta, na daina gaisa da matar mai kemis, ashe mugun yana kwana a ɗakina! Malam, ka ji kunya. Tumatirina ma Allah ya saka musu."

Wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Tela ya kwance shanyar da hannunsa, ya riƙe wa Mai Walda tsani. Aka yanke allon daga jikin sanda, aka sauko da shi, Tela ya auna da zaren nan da ya zo da shi daga zaure. Mai Walda ya ce, "Ko in bar mata rabin inci, saboda gaba?" Tela ya harare shi, shi kuwa ya ci gaba da liƙi yana ƙyalƙyala dariya a bayan gilashi.

Da ƙarfen ya huce, Auta ta tsaya a kan layi ba ta kalli kowa ba. Ta jefa. Ƙwallon ta zarce ta daki bayan zobe, ƙwal, ta yi tsalle ta faɗa cikin bahon wanki.

"Haka! Haka take min a can!" Ta yi ihu, rabi dariya rabi kuka. "Ashe ba ni ba ce!"

Tela ya tsamo ƙwallon, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙa mata. Ta biyu ta daki ƙarfe. Ta uku ma haka. Ya tsaya a ƙarƙashin kwandon yana tsinto mata, gumi na bin wuyansa, mutumin da ko zare ya faɗi sai ya kira wani ya ɗauko masa. Wajen ta goma sha biyu ƙwallon ta zagaya zobe ta faɗa ciki. Ta gaba ko ƙarfen ba ta taɓa ba, sai shuu ɗin raga.

Uwar Auta ta matso kusa da shi, zanin gado a kafaɗa, ta rage murya. Faɗan ya fita daga bakinta.

"Malam, in suka ɗauke ta fa? Mu biyu za mu rage a gidan nan, da wannan uban kankaren."

"Na sani."

"Ka sani, ka kuma je ka ɗauko mai walda?"

Ƙwallon ta sake shiga, ta faɗo daidai ƙirjinsa ya rungume ta. Ya ji zafin shigarta har cikin ransa, don kowace ɗaya ƙara nisanta masa 'yarsa take yi. Auta ta miƙo hannaye biyu tana jira.

"Baba, yi sauri mana, hannuna zai huce."

Ya jefa mata.