Ɗakin Baya

Auta ya diro daga bas tun ba ta gama tsayawa ba, yana ta bitar maganar da zai yi wa Baba. Ga furfura a gemu, ga 'ya'ya uku, amma har yau in zai roƙi tsohon nan wani abu sai ya koma kamar ƙaramin yaro.

Mai gidan da yake haya ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya tashi. Ba shi da inda zai kai iyalinsa sai ɗakin baya na gidan Baba, inda ya yi ƙuruciyarsa.

Abin da ke ci masa rai, aikin akawun da yake yi, shi Baba ya yi har ya yi ritaya, a ofis ɗaya ma. Da albashin nan Baba ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya. Shi kuwa Auta an sha yi masa ƙari, sai dai kowane ƙari haraji ne ke fara tarbarsa, abin da ya saura kasuwa ta lashe. A takarda babban ma'aikaci, a aljihu sai hamdala. Baba bai taɓa yarda da wannan bayani ba. A wurinsa yaran zamani hannunsu rariya ne, shi ke nan.

Ya same shi a tsakar gida kan kujerar roba, rediyo a cinya.

"Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. Yau ba aiki ne, ko korar ka aka yi?"

"A'a, wucewa na zo yi."

"Wucewa? Unguwar nan ai ba ta kan hanyar kowa."

Auta ya yi dariyar yaƙe. Ya buɗe baki ke nan zai fara, sai ƙofar ɗakin baya ta buɗe. Wata mata da bai taɓa gani ba ta fito da bokiti, ta gaishe su, ta nufi famfo. Ga sabon labule, ga takalman yara zube a bakin ƙofa.

"Baba, baƙi aka yi?"

Tsoho ya shiga murɗa rediyo kamar akwai tashar da ta ɓace masa.

"'Yan haya ne," ya ce can ƙasa-ƙasa. "A da fanshon nan yana kai ni ƙarshen wata. Yanzu kafin ya iso hannuna an yanke nan, an yanke can, ga harajin gida, ga magani. Na shekara suka biya, kuma na riga na taɓa. Kada yayyenka su ji."

Tausayi da tsoro suka haɗe wa Auta, ya rasa wanda zai fara ji.

"To, kai me ke tafe da kai?" in ji Baba.

"Ba komai, Baba."

"Auta, ni fa na haife ka."

Sai ya faɗa masa, kansa a sunkuye, yana jiran faɗa.

Baba ya kashe rediyo, ya dogara sanda ya miƙe, ya je bakin ƙofar ɗakinsa, ya daɗe yana kallon ciki.

"Zai ɗauke ku," ya ce, "in yaran suka kwanta a ƙasa."

"Haba Baba! Kai kuma ina za ka kwana?"

"Tsoho barci yake yi? Kai dai tuɓe rigar ofis ɗin nan, ka zo ka kama min gado mu kai falo."