Katin Dogo

A masana'antar buhu da nake aiki, dokar tana manne a ƙofar ofis: wanda ya yi kwana shida a jere bai huta ba, daga na bakwai ninki za a biya shi har ranar da ya huta. Na haddace ta. Ranar Juma'a za a rufe karɓar kuɗin jarrabawar ƙanwata Auta, albashina kuma ba ya kaiwa.

Kwana goma sha biyu na yi a kan injin ɗinki. Kullum na dawo sai Auta ta ja layi da gawayi a bayan ƙofa.

"Yaya, idonka ya yi ja kamar garwashi."

"Ki yi karatunki."

Ranar biya akawu ya miƙo min takarda. Babu ninki ko na kwana ɗaya.

"Malam, akwai kuskure. Sha biyu na yi."

Ya juyo min da fuskar kwamfuta. "Biyar, hutu, shida. Ina sha biyun?"

Sai na tuna. Rana ta shida hutuna ce. Dogo, mai injin kusa da nawa, matarsa na naƙuda, kuma saura fashi ɗaya a kore shi. Haka muke yi a tsakaninmu: ka karɓi katin shiga aikin mutum, ka buga masa a ƙofa, ka yi aikinsa. Helma, mai kula da layinmu, ya sani, kau da kai yake muddin buhu ya cika. Na shiga da katin Dogo. Nawa ya wuni a aljihu.

"Wallahi na zo ranar. Tambayi helma."

"Da katin wa?" Ya cire tabarau. "Faɗa min in rubuta. Amma ka san buga katin wani kora ce, kai da shi."

Na naɗe takardar na sa a aljihu.

"To ka gani. Ni ba gumi nake ƙirgawa ba, samari. Kati nake ƙirgawa."

A bakin ƙofa Dogo ya tare ni, baki har kunne, yana tura min hoton jaririyarsa na waya a fuska.

"Mutumina! Attajirin ninki! Yau kai za ka saya mana shayi."

"Gobe."

"Kai da gobe, sai ka ce tela. Dubi hancin yarinyar nan, nawa ne sak."

Na duba. Nasa ne.

A gida na tarar Auta ta cike fom, ta manna hoto, ta saka a leda don kada ya yi datti.

"Yaya, an ba da?"

Na zauna ina kwance igiyar takalmi. Na daɗe a kai.

"Akwai ta baɗi," na ce.

Haka Baba ya ce min shekarar da na so wucewa gaba da karatu. Tana wurin ranar, ta ji.

Ba ta tambayi dalili ba. Ta kawo min ruwa. Sannan ta je bayan ƙofa, ta sa tafin hannu ta goge layukan, ɗaya bayan ɗaya.